Littafin da na ba su su tafi da shi hutun damina

Ranar da za a ba da dogon hutu na shiga ajin 'yan SS2, na rubuta sunan littafi a allo: Wuthering Heights, na Emily Brontë. Na ce kowa ya karance shi daga bango zuwa bango kafin a dawo, domin akwai gwaji a makon farko. Littafin yana cikin waɗanda WAEC ta sa wa masu adabin Turanci daga 2021 zuwa 2025, kuma a ɓangaren ƙagaggun labaran da ba na Afirka ba shi muka zaɓa, saboda ɗayan, na Ralph Ellison, ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Lissafina a lokacin bai da wuya. Babi 34 ne, hutun kusan mako shida, ke nan babi ɗaya a rana ya isa har a samu ragowa.

Dabarar ba tawa ba ce. Na karanta cewa a Amurka malaman adabi na manyan azuzuwan sakandare kan ba ɗalibai littafi ɗaya ko biyu su karanta a hutunsu na Yuni zuwa Agusta, idan an dawo a fara darasi da su. Abin ya burge ni, na ɗauko shi ɗungurungum. Ban tsaya na tuna cewa hutunsu ya wuce wata biyu ba, cewa yawancin garuruwansu suna da ɗakin karatun da yaro zai aro littafi kyauta, kuma yawancin yaran da harshen littafin suke magana a gida. Kama da wane ba ta wane.

Da aka dawo a Satumba, waɗanda suka wuce babi na uku ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne amsoshin gwajin sun yi kama da juna, kalma da kalma. Daga 'yan ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta suka haddace su. Yaro zai rubuta maka cewa jigon labarin soyayya ce da ramuwar gayya, amma ka tambaye shi wa ya rama, a kan wa, me aka yi masa, sai ya sunkuyar da kai. Ranar na yi faɗa sosai, na ce ragwanci ne. Har yau ina nadamar wannan kalmar.

Mahaifin wani yaro ne ya fara ankarar da ni, ba tare da ya san ya yi ba. Mun haɗu bayan sallar Juma'a, na yi masa ƙorafin ɗansa. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Tun da aka ba su hutu yana gona tare da ni, ga maimai ga zuba taki. In mun dawo da la'asar ko tuwo da ƙyar yake iya jira." Hutun da nake ƙirgawa a matsayin kwana arba'in na zaman banza, tsakiyar marka ne. Wasu yaran suna gona, wasu suna shagon ɗinki ko wurin gyaran waya, 'yan matan kuma ga aikin gida ga hadda a Islamiyya. Da dare babu wuta. Kuma da na bincika, da yawansu ko littafin ba su mallaka ba, kunya ce ta hana su faɗa mini a gaban aji.

Sai dai gona ba ita kaɗai ba ce. Akwai wata ɗaliba da na san tana da littafin, tana da lokaci, kuma ba raguwa ba ce. Na kira ta ofis na tambaye ta. Ta ce, "Malam, wallahi na gwada. Sau uku ina farawa. Ban gane wanda yake ba da labarin ba, kuma kowa sunansa ɗaya." A cikin hirar ne na ji cewa a wannan hutun ta karance littattafan Hausa da dama a wayar yayarta, irin waɗanda marubuta ke sakewa kashi-kashi a WhatsApp. Wato yarinyar da na kira raguwa ta fi ni yawan karatu a hutun.

Na koma gida na buɗe littafin da idonta, sai na ga gaskiyarta. An buga shi a 1847, Turancinsa na wancan zamani ne. Babi uku na farko wani baƙo ne, Lockwood, yake magana, shi kansa bai fahimci gidan da ya shiga ba. Sai a babi na huɗu Nelly Dean, mai aikin gida, ta karɓi labarin ta koma da shi baya shekaru masu yawa. Akwai Catherine uwa, akwai Catherine 'ya. Linton sunan dangi ne, kuma sunan yanka ne na ɗan Heathcliff, jarumin labarin. Ga tsohon bara Joseph, wanda aka rubuta maganarsa da karin harshen Yokshaya da ke arewacin Ingila, wanda ko ƙamus ba zai fisshe ka ba. Ni ma fa a jami'a na karanta shi, da malami a gabana. Wannan ne na miƙa wa 'yar shekara goma sha shida, da harshenta na biyu, na ce ta je ta yi ita kaɗai.

A nan ne na tuna zauren malaminmu. Ban taɓa ganin an ba almajiri Ahalari ko Risala an ce ya tafi ya dawo bayan wata biyu ya ba da labari ba. Karatu ɗaukarsa ake yi. Ka ja baƙi, malam ya fassara maka da Hausa, ka koma gefe ka maimaita da ɗan'uwanka, gobe ka dawo a ƙara. A cikin wannan tsari na tashi, amma da na tsaya gaban allo da alli a hannu sai na manta da shi, kamar littafin Turanci ba ya bukatar a biya wa mutum.

Shekarar da ta biyo baya na sauya abubuwa da yawa. Na ɗauki mako biyun ƙarshe na zango na uku, bayan an gama jarrabawa lokacin da yara ke yawo a filin makaranta, na buɗe musu ƙofar littafin. Na zana bishiyar dangin Earnshaw da na Linton a allo, kowa ya kwafa a bangon littafinsa. Na ba su farkon labarin da Hausa: wani mai gida ya je Libaful ya tsinto yaro a titi, wato Heathcliff, ya kawo shi gida ya fifita shi a kan ɗan cikinsa, da ya rasu sai ɗan gidan ya mayar da tsintaccen bara. Ajin ya yi tsit. Babu wanda bai san labarin ɗan riƙo ba, babu wanda bai san abin da ke faruwa da agola idan mai kare shi ya kau ba. Wasu abokan aikina ba su ji daɗin Hausar da na yi a darasin Turanci ba, kuma na fahimci dalilinsu, tunda da Turanci za a rubuta jarrabawar. Ni dai abin da na gani shi ne, sai da yaran suka san inda labarin ya dosa suka iya jure wa Turancin.

Na kuma rage kayan. Maimakon babi 34, na ce su kai babi na tara kawai, inda Heathcliff ya ji Catherine tana gaya wa Nelly cewa aurensa zai zubar mata da daraja, ya fice daga gidan cikin dare. Da gangan na tsayar da su a nan. Na haɗa su uku-uku ko huɗu-huɗu bisa unguwanni, maza daban mata daban, yadda kowane rukuni yana da aƙalla kwafi ɗaya. Na soke gwajin. Abin da na nema shi ne bayan kowane babi mutum ya rubuta layi biyar a littafin rubutu: me ya faru, wa ya ba shi haushi, wace kalma ce ta tsaya masa.

Ga waɗanda na san gona za ta cinye musu hutu, na ba su wasan kwaikwayon Wole Soyinka, The Lion and the Jewel, wanda shi ma yana cikin jadawalin. Gajere ne, kashi uku kacal, safiya da rana da dare, ana iya karance shi a zama biyu. Wannan shi ya fi ba ni mamaki. Ranar da aka dawo ban kai ga buɗe baki ba gardama ta kaure a kan Lakunle, malamin makarantar ƙauyen Ilujinle da ya ƙi biyan sadakin Sidi don a ganinsa al'adar ƙauyanci ce. 'Yan matan suka ce ai ba wayewa ba ce, rowa ce da rashin abin hannu ya lulluɓe da dogon Turanci. Wani yaro ya kare shi, ya ce aƙalla shi mace ɗaya yake so, ba kamar Baroka, sarkin ƙauyen mai mata da yawa, ba. Suna kafa hujja da shafi, suna jayayya rabi Turanci rabi Hausa. Na bar su har aka kaɗa ƙararrawa.

Ba kowa ne ya yi karatun ba, kuma rukunin da mai littafinsu ya yi tafiya ƙauye sun dawo hannu rabbana. Tsadar littafi har yanzu ban samo mata magani ba, in ban da roƙon 'yan SS3 masu fita su bar nasu ga na baya, kuma wannan ma idan jadawali ya sauya sai a koma farko. Amma a rukunin 'yan mata guda biyu, ba su tsaya a babi na tara ba. Ɗaya daga cikinsu ta same ni a bakin ofis da littafin rubutunta, ta cika shi har bango, ta ce, "Malam, mun wuce inda ka ce. Ba mu iya jira ba, sai da muka ga ko zai dawo."