Abin da na koya a ajin furucin Turanci

Ƙarshen zangon nan zan ajiye alli. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takaddamar da muka yi da shugaban sashenmu a kan takardar WAEC ta furuci, mai tambayoyi 60.

A wurinsa hadda ce magani: a raba wa yara tsofaffin tambayoyi su haddace gaɓar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, wato wadda ake danna wa murya a kalmar Turanci. Ni kuwa na san gaɓa ba baƙuwa ba ce a wurin yaranmu. A ajin Hausa sun karanta ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, sun san ba- ta Bahaushe da -nci ta Turanci. A kan wannan na ɗora. Mukan yanka responsibility gaɓa-gaɓa har shida, mu ware saiwa, sannan mu duba ƙeyarta. In kalma ta ƙare da -tion ko -ic ko -ity, gaɓar da ke daf da ƙarshen nan ita ake danna wa murya: eduCAtion, ecoNOmic, responsiBIlity. Shi ya sa PHOtograph ke komawa photoGRAPHic. Yaron da ya riƙe wannan ba ya tsoron kalmar da bai taɓa gani ba.

Wahalar ma ba a ƙa'idar take ba. Bakinmu ya saba ba kowane wasali haƙƙinsa, da karin sama ko na ƙasa, har mukan cusa wasali inda baƙaƙe suka haɗu, kamar a burodi da sukudireba. Bature kuwa danna gaɓa ɗaya yake yi ya raunana saura. Sai kunne ya ji wannan tukuna, don haka muke tafawa a aji.

Tafin nan ne ya jawo shugaban sashen. Ya shigo, ya goge allo a gaban yara, ya ce, "Malam, nan ba jami'a ba ce." Mako bai zagayo ba aka mayar da ni aji ɗaya. Har yau bai tambayi yaro ko guda abin da ya gane ba, kuma wannan ya fi sauyin ajin ƙona mini rai.

Sauran darussan gajeru ne. Ƙamus mai alamar furuci ya fi kowane littafin tsofaffin tambayoyi amfani. Kalma mai gaɓa biyu irin record, sai an ga aikinta a jimla: suna a danna farko, aikatau a danna ƙarshe.

'Yan aji shidan da aka ƙwace mini sun ci gaba da zuwa wurina bayan an tashi, da kalmominsu a bayan littafi.