Godiya Ga Waɗanda Suka Ɗauki Nauyinmu a Kansas City

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, mun je birnin Kansas City na Amurka mun dawo lafiya. An ɗauki hoton yatsun Hajiya a ofishin shige da fice, takardunta sun shiga layi, saura jira. Da yawanku kun yi ta kira kuna tambayar yadda aka ƙare, wasu har cikin dare. Na ga ya dace in fito fili in yi godiya, domin alherin da aka yi mana ya fi ƙarfin "an gode" ta waya.

Da kai zan fara, Yaya. Ka ajiye aikinka na yini guda, ka zo ƙofar gida tun kafin gari ya waye, ka ɗauke mu a motarka, ko kuɗin mai ka hana a yi maganarsa. Ka san Hajiya ba ta runtsa ba saboda fargabar ofishin nan, shi ya sa ka riƙa janta da hira har muka isa. Abin da ya hana ta barci kuwa bai ɗauki lokaci ba: aka kira lambarta, ta ɗora yatsu a kan gilashi, aka ɗauki hoto, aka buga hatimi, shi ke nan. Ni niyyata mu juya gida. Kai ka ce tsohuwa ba za ta sha wannan tafiya don layin ofis kawai ba. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Sai dattijon da ya karɓe mu a gidansa, tsohon abokin aikin Yaya. Ba ya jin Hausa, don haka Yaya, ka daure ka karanta masa wannan da Turanci, kar ka rage komai.

Duk wanda ya san Kansas City ya san garin kyafaffen nama ne. Akwai lokacin da, in ka cire Chicago, babu kasuwar shanu a Amurka da ta kai tasa girma, kuma tun wajajen 1908 wani baƙar fata mai suna Henry Perry, ɗan jihar Tennessee, ya fara sayar wa ma'aikata naman da ya kyafe, yana naɗe musu a takardar jarida. Daga hannunsa sana'ar ta yaɗu. Amma Musulmi yakan wuce gidajen naman nan yana jin ƙamshi kawai, domin galibinsu naman alade da na shanu a murhu ɗaya suke kwana, balle a zo ga maganar yanka. Dattijon nan ba Musulmi ba ne, babu kuma wanda ya roƙe shi. Shi da kansa ya tambayi Yaya mene ne ya halatta gare mu, ya nemi mahaucin halal ya sayo naman ƙirjin saniya, ya sayi sabuwar raga, ya wanke murhunsa tas. Miyar da ake shafa wa naman ma, ta tumatir mai kauri da zaƙi, da hannunsa ya haɗa ta, wai ya ji ana zuba giya a wasu na kwalba.

Wannan gashi ba na gaggawa ba ne. Naman ba ya ganin harshen wuta, hayaƙin itacen hickory da oak ne ke ratsa shi a hankali, zafin bai wuce digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Celsius ba, sai ya shafe awa goma sha biyu ko fiye kafin jijiyoyinsa su narke. Ma'ana bawan Allah nan, da furfurarsa, a tsakar gida ya kwana yana tashi yana ƙara itace, don baƙin da bai taɓa gani ba. Da ya buɗe takardar da ya naɗe naman, bayansa baƙi ƙirin, cikinsa kuwa da jan zobe a gefe, wuƙa na shiga ba gardama. Ya yayyanka ɓangaren mai kitse ƙanana ƙanana, ya ce wannan gefen da ya sha hayaƙi shi ne abin alfaharin garinsu, ya fara ajiye wa Hajiya. Ita da haƙora suka daɗe da raba ta da nama, sai ga ta tana miƙa faranti a ƙara. Matarsa kuma ta shimfiɗa mana tawul mai tsabta a ɗaki, muka yi azahar da la'asar a natse. Allah ya shiryar da zuri'arsu ga alheri, ya ba su lafiya.

Daga nan muka wuce gidan adana zane-zane na Nelson-Atkins. An buɗe shi a 1933 da dukiyar da mutum biyu suka bari wasiyya: William Rockhill Nelson, mai jaridar Kansas City Star, da Mary Atkins, wadda ta taɓa koyarwa a makaranta. Har yau shiga kyauta ne, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa a yaba musu. Tun daga filin ciyawa yara suka fara ihu, don sun hango manyan ƙwallayen badminton masu gashin tsuntsu, guda huɗu, kowanne ya kai mita biyar da rabi. Claes Oldenburg da matarsa Coosje van Bruggen suka ƙera su a 1994, uku a kudu da ginin, ɗaya a arewa, kamar ginin ne ragar wasan.

Ina godiya ta musamman ga wata baiwar Allah mai aikin sa-kai a bakin ƙofa. Ta lura Hajiya na jan ƙafa, ba ta jira mun tambaya ba ta kawo keken guragu, ta nuna mana hanyar da babu matakala. Hajiya ba mai son gumaka ba ce, don haka ɗakunan mutum-mutumi wucewa muka yi, duk da Yaya ya tsaya jim gaban wani babban sassaƙen katako na ƙasar Sin da ya doshi shekara dubu, fentinsa bai gama goguwa ba. Zanen Annabi Yahaya ma, na Caravaggio mai zane ɗan Italiya, kallo ɗaya ta yi masa ta ce mu je.

Inda ta ce a tsayar da keke shi ne gaban zanen Claude Monet, ɗan Faransa, wanda ya zana tafkin lambunsa na Giverny a ƙarshen rayuwarsa, lokacin da yanar ido ta dame shi. Faɗinsa ya haura mita huɗu. Da muna kusa ta ce ita shafe-shafen fenti kawai take gani. Na ja keken baya kaɗan, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Af, ashe bado ne a kan ruwa." Matar nan ta bayyana mana cewa kashi ɗaya ne cikin uku, sauran biyun suna biranen St. Louis da Cleveland. Hajiya ta ce a tambaye ta don me aka raba 'yan uwa. Matar ta yi dariya, ta ce an taɓa haɗa su wuri ɗaya a nan a 2011. Mun daɗe a ɗakin nan, babu wanda ya matsa mana.

Anti, ke da kika riƙe mana jaririya tun asuba har bayan isha'i, kika kuma tarbe mu da ruwan zafi, Allah ya raya naki. Ƙanina da ya cike takardun ya kuma bi su layi layi, Allah ya yi maka albarka. Masu addu'a na kusa da na nesa, Hajiya ta ce in gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, kuma ku ci gaba da sa ta a addu'a har takardar ta fito. Da zarar an ji wani abu zan sanar da ku, in sha Allahu.