Fansho da naira, cefane da sefa

A Kebbi, "zama ƙasar waje" bayan ritaya ba lallai ne yana nufin Landan ko Dubai ba. Sau da yawa Gaya ake nufi, ko Doso, ko Yamai a Jamhuriyar Nijar, inda dattijo yake da 'ya mai aure ko dangin uwa. Daga Kamba zuwa Gaya tafiyar ƙiftawa da bismillah ce, Hausa ake ji, ga Zabarmanci da Dandanci, tuwon ma iri ɗaya ne. Shi ya sa mutum yake ganin kamar unguwa kawai zai sauya. Amma da zarar ya tsallaka, kuɗin da ke shigo masa da kuɗin da yake kashewa sun raba hanya, kuma a nan lissafin yawancin mutane yake karyewa.

Sefa a ɗaure take da yuro, a kan 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta motsi sai yuro ya motsa. Naira kuwa tun watan Yunin 2023 Babban Banki ya sake ta kasuwa ta yi mata farashi. Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A ce fanshon mutum naira 100,000 ne a wata. Lokacin da 'yan canji ke ba da sefa dubu a kan naira 1,200, yana tashi da sefa kusan 83,000. Da ta koma naira 2,500, sai ya tashi da 40,000. Mai gidan haya bai ƙara masa ko sisi ba, mai shago bai ƙara ba, amma rabin abincinsa ya tafi. Don haka in za a yi lissafi kafin tashi, kada a yi shi da canjin yau. A ƙara kashi 30 cikin ɗari a kan farashin sefa, a ga ko fanshon zai ɗauki haya da cefane da magani. In bai ɗauka ba, ziyara ta fi ƙaura.

Wani ƙaramin abu da ke rikita sabon zuwa a kasuwa: a Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Mai tumatir ta ce "dala ashirin", sefa 100 take nufi. Ta ce "ɗari", 500 ke nan. Jaka kuwa sefa dubu ce. Dattijon da ya saba da naira sai ya ji abu da araha, ya ce a ƙaro, sai wajen biya ido ya raina fata.

Sai hanyar da kuɗin zai bi ya iso hannu. Ko PTAD, hukumar fanshon gwamnatin tarayya, ke biyan mutum a tsohon tsari, ko kamfanin fansho a ƙarƙashin dokar 2014, ko gwamnatin jiha, asusun bankin Najeriya ake zuba wa, da naira. Asusun nan kuwa a rataye yake da layin waya. Layin da aka haɗa da BVN da NIN shi ke karɓar lambar sirri ta tura kuɗi. Mutum ya sayi layin Nijar, ya jefa na gida a aljihun jaka wata da watanni, kamfani ya rufe shi ko ya sayar wa wani, shi ke nan sai ya dawo banki da ƙafarsa. Maganin mai sauƙi ne: waya mai layi biyu, a buɗe wa layin gida damar aiki a ƙetare, a riƙa sa masa kati ana kira ko sau ɗaya a wata. Kuma kada a bar wa yaro katin ATM da lambarsa a ce ya riƙa cirowa. Zumunci da yawa ya lalace a kan haka.

Tantancewa ma tana nan. PTAD ta kawo tsarin tabbatar da mutum yana raye ta waya, da hoton fuska. Na jiha da na ƙananan hukumomi kuwa galibi sai an ga mutum ido da ido, da takardar kama aiki da ta ajiye aiki, kuma sanarwar takan zo a ƙurarren lokaci. Wanda bai bayyana ba a tsayar da kuɗinsa, maido da suna kuma aiki ne ja. Lallai a samu wani tsohon abokin aiki a Birnin Kebbi da zai buga waya ranar da aka sanar.

Labaran siyasa da ake ji a rediyo, ga mazaunin can ba hira ba ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawar da Shugaba Bazoum na Nijar, Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Sai a Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumi, a watan Maris aka ba da umarnin buɗe iyaka. Wata bakwai da ɗoriya ke nan mai ciwon suga da ya saba sayen magani a gida yana neman hanya ta daji ko ta ruwa. Nijar kuma ta ƙi buɗe gadar Gaya da Malanbil da ke iyakarta da Benin, kayan da suka saba zuwa daga Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, farashi ya bi su. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Zirga-zirga ba ta tsaya ba, amma bincike ya ƙaru, don haka fasfo na ƙasa da ƙasa mai sauran kwana da katin rigakafin shawara sun fi "ai ni ɗan nan ne". Ga kuma 'yan bindigar Lakurawa a dajin kan iyaka, tafiyar dare ba ta taso ba.

Masu hangen Makka da Madina, nasu ya fi tsauri. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75 kowace dala ɗaya, bizar Umara kuma ba iƙama ba ce. Wanda ya wuce kwanakinsa ya shiga sahun masu ɓuya, ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba haya da sunansa, kuma da furfura wannan ba rayuwa ba ce.

A ganina abin da ya fi tsare mutum shi ne kada ya sayar da gida ko gonar fadama don ya yi guzuri. A ba da gonar aro ko haya, a karɓi biya da buhunan shinkafa maimakon kuɗi, domin buhu ba ruwansa da canji. Inshorar lafiya ta gida ba ta aiki a ƙetare, saboda haka a ware kuɗin magani na wata uku, a canza su sefa tun ana da hali, a ajiye daban da na cefane. Maganin hawan jini da na suga kuma a sa likita ya rubuta asalin sunan sinadarin, ba sunan kamfani ba, don a kantin maganin Doso da Faransanci za a karanta takardar.