Adalci a wurin aiki a Ingila: jadawali da takardar albashi ne shaida

Da wuya ka shiga gidan kula da tsofaffi ko asibiti a Ingila ka rasa takarda manne a bango mai cewa a nan kowa daidai yake, ba a duba launi ko addini. Sabon zuwa ya karanta, hankalinsa ya kwanta. To, madalla da takarda, amma jadawalin aikin wata za ka duba, da takardar albashi, da sunayen waɗanda aka tura kwas a bana. Idan kwanan dare da aikin Asabar da Lahadi duk sun taru a kan masu biza, 'yan ƙasa kuma suna riƙe da safiyar Litinin zuwa Juma'a, ka riga ka san irin gidan da ka shiga.

Tushen matsalar a biza yake. A watan Fabrairun 2022 aka buɗe wa 'yan ƙasashen waje ƙofar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, kuma 'yan Najeriya da yawa ta nan suka shigo. Wannan biza a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinka. Ka bar shi, ko ya kore ka, ko gwamnati ta ƙwace lasisinsa na ɗaukar nauyi, yawanci kwana 60 za a ba ka ka nemo wani mai ɗaukar nauyi ko ka tattara kayanka. Daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 an ƙwace lasisi fiye da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000 waɗanda mafi yawansu ba su yi laifin komai ba. A Maris 2024 aka hana sababbin masu zuwa kawo iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Wanda ya sayar da fili ko ya ci bashi kafin ya hau jirgi, ga yara a makaranta, ba zai buɗe baki don an danne masa awa biyu ba. Shi ya sa manajan da ke cewa "ai babu wanda ya taɓa kawo ƙorafi" bai faɗi komai game da adalcin gidansa ba. Mai son gaskiya shi zai zauna duk wata uku ya ƙirga da kansa: kwanan dare nawa kowa ya yi, wa aka hana hutu, wa aka kira gaban kwamitin ladabtarwa.

Batun kuɗi ya fi kowane sauƙin bincike, kuma a nan aka fi cutar mutane. A Afrilun 2025 an tsayar da mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama a kan fam 12.21 a awa, kuma duk Afrilu ake sake shi. Kamfani ba zai rubuta ƙasa da haka a kwantiragi ba. Ta wajen ƙirgen lokaci yake shigowa. A ce mai zagayen gidaje ta shiga gida takwas a yini, kowanne minti 45, awa shida ke nan, ana biyanta fam 13 a awa, ta tashi da fam 78. Amma ta ɓata awa biyu a hanya tsakanin gidajen, kuma doka ta ɗauki wannan tafiya a matsayin aiki (ban da fitowa daga gida da safe da komawa da yamma). Raba fam 78 a kan awa takwas ɗin, fam 9.75 a awa ya fito. An karya doka, ko da kwantiragin ya yi kyau a ido. Haka kuɗin yunifom: in an cire shi har albashi ya faɗi ƙasa da ma'auni, laifi ne. Idan kamfanin ne ya ba ka ɗaki, fam 10.66 a rana kawai doka ta yarda a lissafa masa a shekarar 2025, abin da ya haura haka ana ɗaukarsa ragi ne daga albashinka. Kwanan jiran ko-ta-kwana kuwa, inda aka ba ka gado ka kwanta, Kotun Ƙoli ta yanke a 2021 cewa lokacin da ka tashi kana aiki ne kawai ke shiga wannan lissafi, don haka ka rubuta duk tashin da ka yi da ƙarfe nawa. Tun ƙarshen Disambar 2024 an haramta wa kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin takardar ɗaukar nauyi. Fasfonka kuwa, a duba a yi hoto a miƙo maka. Babu dalilin da zai kwana a ofishin kowa.

Dokar da ake tinƙaho da ita ita ce Dokar Daidaito ta 2010, mai aiki a Ingila da Sikotilan da Wales. Abubuwa tara ta hana a nuna wa mutum bambanci a kansu, ciki har da launi da ƙasar asali, addini, jinsi, shekaru, naƙasa, da juna biyu. Ta shafi mai biza kamar yadda ta shafi ɗan ƙasa, tun daga ranar da ya nemi aikin. Wariyar fili, irin ta "ba ma ɗaukar baƙaƙe", yanzu ba kasafai ake jin ta ba. Wadda ta fi yawa ita ce ƙa'idar da aka shimfiɗa wa kowa amma wasu kawai take ci, kuma a kanta kamfani na iya kare kansa idan ya nuna dalili mai ƙarfi da kuma cewa ya nemi wata mafita. A shekarun 1990 wani kamfani mai suna JH Walker ya hana kowa hutu daga Mayu zuwa Yuli, Sallah ta faɗo ciki, ma'aikata Musulmi suka tafi Idi, aka ba su takardar gargaɗi, kotu ta ba su gaskiya. A 2011 kuwa wani mai gadi ya yi ƙarar kamfanin G4S kan hana shi fita Juma'a, ya sha kaye, saboda wurin na buƙatar cikakken adadin masu gadi a kowane lokaci, akwai ɗakin salla a ginin, kuma an yi masa tayin musanya Juma'a da Asabar ko Lahadi. Ma'ana, doka ba ta ba ka lokacin salla kai tsaye ba. Ta dai tilasta wa mai gida ya saurare ka ya kawo hujja.

Saboda haka yadda aka nemi abu shi ke sa a samu. A Landan cikin Disamba, Azahar na shiga wajen ƙarfe 12, La'asar kafin ƙarfe 2, Magariba kafin ƙarfe 4. Salloli uku cikin awa huɗu, a daidai lokacin abincin rana da rabon magani. Hutun da doka ta wajabta minti 20 ne ga wanda zai yi fiye da awa shida, ko da yake masu aikin awa 12 yawanci kwantiraginsu ya ba su fiye da haka. Wanda ya je wa manaja da "ina buƙatar lokacin salla" ya ɗora masa lissafi. Wanda ya ce a raba masa hutunsa gida uku, minti goma-goma, ga lokutan, ga wance da za ta riƙe masa sashe shi ma ya riƙe mata, da wuya a ƙi. Alwala ce ke jawo tsegumi fiye da sallar kanta. Ƙafa a kwanon wanke hannu da ruwa a daɓe, a gidan da tsofaffi ke tafiya da sanda, haɗari ne na gaske, kuma rahoton zamewa za a rubuta. Kwalbar ruwa ƙarama da tawul na takarda sun wadatar, sannan a tambayi malami hukuncin shafa a kan huffi. Hutun Sallah, tun da sai an ga wata, a nemi kwana biyu tun kafin jadawali ya fito, a mayar da ɗaya daga baya. Hutun shekara mako 5.6 ne, wato kwana 28 ga mai aikin kwana biyar. Wanda ya karɓi aikin ranar Kirsimeti ya samu abin ciniki mai daraja, amma a rubuta musanyar, don manajoji na sauyawa kuma sabo bai san alkawarin baki ba.

Mata masu hijabi su san da ƙa'idar barin hannu a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa saboda tsabta. Ƙa'idojin tufafi na NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, sun yarda da hannun riga na leda da ake sawa a yar bayan kowane majinyaci. Hijabin ya zama gajere a soke shi cikin riga, ba tare da fil mai tsini ba, don mai cutar mantuwa na iya fizga.

Akwai kuma abin da babu doka a kansa, kuma shi ya fi tsayar da mutanenmu wuri ɗaya. An rene mu a kan sunkuyar da kai gaban babba, da cewa "to" ko ba mu gamsu ba, da barin wani ya yabe mu. Bature na karanta kau da ido a matsayin rashin gaskiya ko rashin sanin aiki, "to" kuma a wurinsa amincewa ce. Manaja 'yar shekara 60 za ta ce ka kira ta da sunanta tsagwaro, kuma da gaske take. A zaman duba aiki da ake yi da kowane ma'aikaci za a tambaye ka me ka yi da kyau, me kake so nan gaba. Ka ce "alhamdulillahi, komai lafiya", a rubuta ba ka da buri. Wata shida bayan nan wadda ka koya wa aiki ta zama shugabar sashe. Gyaran ta ɓangare biyu ne. Kai ka shiga da misalai uku a rubuce, da sunan difilomar aikin kulawa ta mataki na 3 da kake so a tura ka. Gidan kuma ya daina naɗa mutane a wurin shan shayi ko mashayar da aka je bayan aiki, inda Musulmi ba ya nan: a lika gurbi kowa ya gani, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, mutum biyu ko uku su ba da maki kowa daban. Wannan ba zargi ba ne kawai. Binciken da Kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford ta fitar a 2019, da takardun neman aiki masu cancanta iri ɗaya, ya nuna mai asalin Najeriya sai ya aika ƙarin kashi 80 cikin 100 kafin ya samu amsar da farin ɗan ƙasa ke samu. Dalilin da ya sa wasu ma'aikatu ke goge suna kafin tantancewa ke nan.

Zagi daga waɗanda ake kula da su ma ana fama da shi. Tsoho mai cutar mantuwa ya kira ka da mummunan suna, ko iyalinsa su ce ba sa son baƙar fata ta taɓa mahaifiyarsu. Rashin lafiya na iya wanke tsohon, amma bai wanke manajan da ya ce "kar ka damu, haka yake" ba. A cike fom ɗin rahoto kowane karo, a sa abin cikin tsarin kulawar mutumin, a zauna da iyali. Manajan da ya janye baƙaƙe daga ɗakin ya mayar da su sashen ɗaga masu nauyi, ya biya wa mai wariya buƙata ne.

In abu ya ci tura, littafi ne farko: rana, lokaci, wa ya ce me, wa ke wurin. Ajiye hoton jadawali da takardun albashi a wayarka, amma ban da bayanan majinyata, don wannan kaɗai ya isa a kore ka. Bayan kowace magana da manaja, aika gajeren imel mai maimaita abin da aka tsayar. In bai gyaru ba, sai ƙorafi a rubuce bisa tsarin kamfani. Za a kira zama, kana da haƙƙin shiga da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, kana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, kuma doka ta hana a hukunta ka don ka yi ƙorafin wariya. Kafin kotun ma'aikata dole ka sanar da hukumar Acas, wadda ke gwada sulhu kyauta. Inda mutane ke faɗuwa shi ne wa'adi. Ka yi lissafi da wata uku ban da kwana ɗaya daga ranar da abin ya faru, kuma zaman da ake yi cikin kamfani ba ya tsayar da wannan ƙirge. Wasu kamfanonin da gangan suke jan ƙafa har lokaci ya wuce. Ƙungiyoyi irin su UNISON da GMB suna ba da wakili da lauya a kan kuɗin wata kaɗan, sai dai yawanci ba sa ɗaukar rigimar da ta fara kafin mutum ya zama mamba, don haka a watan farko na aiki ake yin rajista.