Haɗa manhajojin kamfaninmu

Wallahi wata shida kenan muna fama a wurin aikinmu nan Jidda. Manhajar sito daban, ta albashi daban, ta lissafi daban, kullum sai na kwafe lambobi da hannu har bayan isha'i. Da maigida ya ce a haɗe su muka ba wasu 'yan Indiya saboda araha, to amma Lahadi muna aiki su suna hutu, rasit kuma Larabcinsa a juye ya fito, ga ZATCA, wato hukumar harajin Saudiyya, ba ta wasa da harajin saye da sayarwa (VAT) na kashi 15 ɗin nan. Yanzu wani yaronmu haifaffen nan ke gyarawa, kuɗinsa da tsada amma ina kiransa zai zo ya zauna kusa da ni ya ga matsalar da idonsa.