Laraba a Tudun Wada: masu son yi wa rana lulluɓi

Tun ƙarfe goma aka ɗauke wuta, ɗaki ya gagari zama. Ni da Kawu muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida. Jiya ya iso daga Giwa neman taki, bakinsa ba ya rabuwa da lissafin ranar da ruwan shuka zai sauka.

Don in ɗebe masa kewa na karanta masa wani labari a waya. Wasu masana a Amurka da Turai suna nazarin tura jirage sama, wajen kilomita 20, su riƙa fesa ƙurar farar wuta domin ta tare wani kaso na hasken rana, duniya ta ɗan huce. Kawu ya ajiye carbinsa ya ce, "Wato hazo za su ƙera da hannunsu?" Wallahi bayaninsa ya fi nawa. Kowa a Kaduna ya san yadda rana ke laushi a watan Janairu.

Dabarar daga dutse aka koyo ta. A 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta, ya watsa miliyoyin tan na hayaƙin farar wuta, zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri na fiye da shekara guda. A 2006 Paul Crutzen, mai lambar Nobel, ya ce a duba yiwuwar kwaikwayon hakan.

Da na ambaci ruwan sama sai fuskar Kawu ta canja. Ya tuno farin 1984, yadda dawa ta bushe a tsaye, aka sayar da shanun noma a wulaƙance. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, bincike ya nuna hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana cikin abin da ya sanyaya arewacin tekun Atlantika ya tura damina kudu a waɗancan shekarun. Ba da niyya suka yi ba, muka sha wuya haka. To, in an yi da gangan fa, aka fesa a arewacin duniya fiye da kudu, wa Kawu zai kai wa ƙara?

Ga shi kuma ƙurar ba ta daɗewa a sama, hayaƙin man fetur da gawayi da ke ɗumama duniya kuwa yana nan yana taruwa. Ranar da yaƙi ko rashin kuɗi ya tsayar da feshin, zafin da aka danne zai dawo gaba ɗaya. Na ji daɗi da ƙasashen Afirka suka ja daga a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a 2024, suka nemi a hana wannan feshin.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwashe shanyar Umma, ko ɗigo bai sauka ba. Kawu ya daɗe tsaye yana kallon sama, sannan ya ce in raka shi tashar Kawo da asuba, yana so ya gama sharar gona kafin Juma'a.