Gidan Badariya da wata bakwai na jiran mai saye

Bayan rasuwar Baba, magada suka ɗora mini sayar da gidansa na Badariya a Birnin Kebbi don a raba gado. Ɗaki huɗu ne da falo, ga rijiya a tsakar gida, takardu kuma cikakku. Na ɗauka aikin mako biyu ne.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi. Na sa yaro ya rubuta "gidan sayarwa" da fenti a katanga, da lambar wayata a ƙasa. Masu bin wannan lungu kuwa maƙwabta ne da 'yan kabu-kabu, ba masu neman gida ba. Rubutun bai kawo mai saye ba, sai dai ya sanar da unguwa cewa magada sun matsu. Duk wanda ya taya sai ya yi tayin wulaƙanci. Inna ma ta kira ni ta ce, "Kai, ka goge abin nan, ka tona mana asiri."

Daga nan na raba maganar ga dillalai har huɗu. Nan na fi yin kuskure. Kowanne ya ɗora nasa a kan miliyan 18 da muka yanke, har wani ɗan kasuwa ya ji farashi uku a kan gida ɗaya, ya ce da walakin, ya janye. Na kuma sa talla a wani babban shafin saye da sayarwa na intanet. Kwana biyu sababbin tallace-tallace suka binne nawa, masu kira kuma yawanci daga nesa suke, ba su ma san ina Badariya take ba.

Wani abokina ma'aikacin jami'ar tarayya da ke Kalgo ne ya tambaye ni, "Malam, wa kake ganin zai zauna a gidan nan?" Ban taɓa tunanin haka ba. Ya ce abokan aikinsa da dama a Birnin Kebbi suke haya, kullum suna zirga-zirga zuwa Kalgo, kuma suna da zauren WhatsApp da suke cinikin filaye da motoci.

Muka sake ɗaukar hoto don mu sa tallar a zauren nasu. Na farko ƙofar gidan ce, da safe bayan an kwana ana ruwa a watan Agusta, ƙasa ba kwanciyar ruwa ko kaɗan. A garin nan tambayar farko kenan. Muka rubuta farashi ƙarara, da cewa takardu na hannu kuma magada duk sun sa hannu. Na sallami dillalai uku, na bar ɗaya muka yi yarjejeniyar la'ada a rubuce.

Mutum uku suka zo gani a mako guda. Na biyun ya dawo da matarsa, ta leƙa rijiya, ta duba madafi, aka kira mai unguwa da shaidu ranar Asabar.